Marayu Arba'in da Ɗaya a Aji Guda

Watana biyar da zuwa Dakoro koyarwa, wata ranar Litinin Mushe Almu, diraktan makarantarmu (Mushe ake kiran malami namiji a nan), ya shigo ajina da damin takardu a hammata. Ni 'yar Maradi ce, gidanmu 'yan hatsi ne, kuma tun ina ƙarama uwata ke cewa bakina ya fi ƙafata sauri. Ban taɓa ɗaukar maganar da nauyi ba. A ganina wanda ke da gaskiya ba shi da dalilin tauna magana, ni kuwa a lokacin kullum ina ganin ni ce mai gaskiya.

Takardun daga ansipeksiyo suka zo, wato ofishin masu duba makarantu. Kowace tana da tambaya uku: sana'ar uba, sana'ar uwa, da abin da yaro ke so ya zama in ya girma. Mushe Almu ya ce ana son a san daga inda 'yan CM2, ajin ƙarshe na firamare, suka fito da inda suka nufa, tunda bana za su yi sartifika, jarrabawar gama firamare. Babu maki a ciki, babu kyauta, tambaya ce kawai.

"Madam Firdausi, a cika mini su da wuri," in ji shi. "Laraba da sahe za ni maida su."

Da na sa an cika su a aji, da an huta. Amma na san yarana. Ka tambayi yaro aikin ubansa ya ce maka "yana fita da safe", shi ke nan ya gama. Sai na ce kowa ya kai tasa gida a taimake shi. Don kada su yi jirgin sama da su a hanya, na ƙara da cewa takardar daga sama ta zo, wanda ya ɓata tasa ya kuka da kansa. Abin da ban sani ba shi ne, ranar Asabar wata farar mota mai tambarin proje, irin ta masu ba da agaji, ta tsaya a ƙofar makarantar. Direban ruwa kawai ya sha, ya tambayi hanyar Azagor, ya wuce abinsa. Amma unguwa ta gan shi.

Ranar Talata suka dawo da takardun. Lokacin shan iska na zauna gindin iccen bedi ina dubawa. Ta farko, sana'ar uba: ya rasu. Na ce Allah ya jiƙansa, na aje. Ta biyu, ya rasu. Ta uku manomi, na ɗan numfasa. Ta huɗu ya rasu, ta biyar ya rasu, ta shida ma haka. Haka abin ya yi ta tafiya har wajen ta ashirin. Na bar duba sauran layukan gaba ɗaya, layin farko kaɗai idona ke bi. Yara hamsin da huɗu ne a ajina, arba'in da ɗaya daga ciki babu uba.

Na ɗaga kai na dube su suna tsalle-tsalle a fili, ƙafafu duk yashi. Wace annoba ce ta bi unguwar nan ba a gaya mini ba? Sanƙarau ne, ko 'yan bindiga? Wata biyar ina yi wa marayu tsawa don ba su kawo kaye, wato littafin rubutu, ba, ina ce musu su je su gaya wa ubansu ya saya. Kunya da tsoron Allah suka rufe ni. Na sa bakin mayafi a fuska na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba tun rasuwar kakata.

A ƙofar makaranta akwai Aisata mai ƙosai, ɗanta Zakiru yana ajina, kuma takardarsa na cikin arba'in da ɗayan. Na share ido, na tafi wurinta, na durƙusa gefen kaskon.

"Inna Aisata, ashe abin da ya same ku ke nan. Wallahi ban ji ba sai yau. Allah shi jiƙan Malam Yakubu, shi sa ya huta."

Ta tsaya da cokalin tsamar ƙosai a sama, mai na ɗiga, tana kallona. Kafin ta yi magana wata murya ta amsa daga bayana.

"Amin, amin. Amma wane Yakubun?"

Na waiwaya. Mutum ne zaune kan amalanken jaki da jarkokin ruwa, yana taunar goro, lafiyarsa lau. Na zauna daɓas a ƙasa. Na san fuskar, uban Zakiru ne, ya taɓa zuwa taron iyaye.

Aisata ta matso kusa da kunnena. "Madam, sassauta murya. Ba takardar marayu ce kika bayar ba? An ce masu hwarar mota za su komo da gero da mai, amma marayu kaɗai za a ba. To mi za mu rubuta?"

"Wa yac ce?"

"Kowa na cewa."

"Ni ma sai da anka gama rubutawa anka hwaɗa mini na mutu," in ji Yakubu, ya tsartar da goro, ya kaɗa jakinsa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Hawayena ne suka fi yi mini ciwo, hawayen da na zubar tsakani da Allah a kan mutanen da ke zaune suna cin goro. Na wuce biron Mushe Almu, wato ofishinsa, na zube masa takardun a tebur. Ya karanta uku, ya yi dariya har da tari. Na ce a ba ni wasu a sake cikawa, ya ce adadin yara aka aiko, ko ɗaya ba ta ragu ba. Ya ɗaure su da zare ya jefa a aljihun tebur, ya ce can sama ma sun san halin mutanensu.

Dariyarsa ta ƙara zuga ni. Na koma aji da wutata, na sa kowa ya miƙe tsaye.

"Kun san abin da kunka yi? Kun kashe uwayenku da hannunku. Maganar baki iska ka ɗauke ta, amma abin da anka rubuta ya rubutu. Takarda ba ta mantuwa. Duk wanda ya rubuta ubanshi ya mutu, sai shi koma gida shi zauna shi jira."

Ajin ya yi tsit, ni kuma na ji daɗin tsit ɗin. Na san sarai inda nake. A nan rubutu ba abin wasa ba ne. Malam na rubuta allo a wanke a sha, zazzaɓi ya sauka. Ana naɗe rubutu a ɗinke cikin fata a rataya wa jariri. Ni kaina sai da na sha rubutu kwana bakwai kafin in shiga jarrabawar brebe ta gama kolej. Duk na san wannan, amma fushi ya hana ni tunawa da su wa nake magana. Magana kuwa zarar bunu ce.

Yawancinsu kafin a tashi sun manta, har ana faɗa kan ƙwallon tsumma. Banda Hamdiya.

Hamdiya Jimrau shekarunta goma sha biyu, siririya, ba ta da hayaniya, a benci na biyu take zama kusa da taga. Babu mai rubutunta a makarantar, har da mu malamai. In ta ja harafi sai ka ce da inji aka buga. In baƙo ya zo duba aji, kayenta nake fara miƙawa, in tsaya gefe ina murmushi kamar ni na rubuta. Ita ce wadda na tabbata za ta ci sartifika ta wuce kolej ko da sauran duk sun faɗi.

Ranar Laraba da aka tashi, kowa ya fita, ta tsaya gefen teburina tana murza bakin hijabinta.

"Madam, a ba ni takardata."

"Wace takarda?"

"Ta jiya. In gyara."

"Ta tahi. Mushe ya kai su tun da sahe."

"Ba a iya amso ta?"

"Gwamnati ba ta maido da takarda, Hamdiya. Da kin yi tunani kahin ki rubuta."

Ina tattara kaye, yunwa na cina, hankalina na kan shinkafar da na bari a gida.

"Baba yac ce in rubuta," ta ce a hankali. "Gobe za shi shiga rijiya."

"To Allah shi hisshe shi lahiya," na ce, ko kallonta ban yi ba. Na rataya jakata na fita, na bar ta tsaye a wurin.

Ranar Alhamis da safe, ina cikin rubuta kwanan wata a allo, na ji an jefar da wani abu mai nauyi a bakin ƙofa. Igiya ce, kauri kamar damtsen yaro, an yanka ta gida huɗu. A bayanta wani gajeren mutum ne tsaye, mai faɗin kafaɗa, farcensa duk a farfashe, yana ƙanƙance ido kamar hasken safiya ya yi masa yawa. Hamdiya na gefensa, idanunta sun kumbura. Shi ne Jimrau, ubanta, wanda rabin rijiyoyin ƙauyukan nan shi ya haƙa ko ya yashe su.

Ya yi sallama, muka gaisa a gajarce, na fito waje na ja ƙofa.

"Malama, ke kika ce ma ɗiyata ni mutacce ne?"

"Malam Jimrau, kai kac ce ta rubuta."

"Na ce. Kowa ya rubuta. Amma ban ce ta yanke mini igiya ba." Ya nuna ta da ƙafa. "Shekara bakwai nika shiga ƙasa da igiyar ga. Yau da asuba na ishe ta haka, da wuƙar uwarta. Ba ta ko gudu ba, tana zaune gehe tana jirana."

Na dubi igiyar, na dubi hannun yarinyar. Tafinta ya yi bororo. Igiya irin wannan ba a yanka ta da sauƙi, balle gida huɗu. A nan ne na fara gane abin da na yi.

"Malam Jimrau, babu gero," na ce. "Babu proje. Tambaya ce kawai, ana son a san aikin uwaye."

Ya daɗe yana kallona. "To ashe a banza na mutu."

Na roƙe shi ya ɗaga aikin ko da kwana ɗaya ne. Ya girgiza kai. Rijiyar wani ƙauye ce a hanyar Ajekoriya, zurfinta gaba arba'in, yashi ya cike idon ruwan. Kwana tara ke nan matan garin na tafiyar rabin wuni neman ruwa, dabbobi na kwance. Ya riga ya ba da baki, sun aiko da amalanke tana jiransa a bakin hanya, kuma sun ce suna da igiyar guga, za a riɓa ta biyu.

"In rana ta tsaya tsaka, haske ya kai ƙasa, za ni shiga," in ji shi. "Ita ko za ta bi ni, ta gani da idonta babu abin da takarda ka yi ma mutum."

Na durƙusa gaban Hamdiya. "Ki saurare ni. Abin da na hwaɗa shekaranjiya hushi ne. Wasa nika yi."

"Madam ba ki wasa," ta ce.

Gaskiya ta faɗa. A wata biyar ban taɓa yi musu wasa ko sau ɗaya ba, kuma da haka nake alfahari.

"To za ni amso miki takardar, ki gyara da hannunki."

Sai a lokacin ta ɗaga ido ta dube ni. "Kahin rana tsaka?"

"Kahin rana tsaka."

Uban ya tattara guntayen igiyarsa, ya ja hannunta suka tafi. Na leƙa biro na ce wa Mushe Almu ya riƙe mini aji, ban tsaya jin amsarsa ba.

Na iske ƙofar ansipeksiyo a kulle. Mai gadi ya ce sakatare ya tafi jana'izar maƙwabcinsa, makullin na aljihunsa. Kalmar jana'iza ta tsaya mini a ƙirji. Na zauna kan dakali, na tashi, na sake zama. Ni da nake cewa camfi aikin jahilai ne, sai ga ni ina karanta duk addu'ar da na sani. Ƙarfe goma ta wuce kafin sakataren, wani dattijo, ya iso a kan keke, yana karkaɗe ƙasar maƙabarta daga wandonsa.

Na gaya masa abin da ya kawo ni. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya buɗe wani ɗaki ya nuna mini kusurwa. Damman takardu ne na makarantun gari da na ƙauyuka, an jibge su har ƙugu, duk zare iri ɗaya, babu suna a sama. Na cire takalmi na zauna a ƙasa ina kwancewa ɗaya bayan ɗaya, shi ma ya naɗe hannun riga ya taya ni. 'Ya'yan manoma, 'ya'yan makiyaya daga can Tagriss, 'ya'yan mahauta da maɗinka. Wannan na son zama likita, wancan jandarma, wani direban babbar mota. A dami na goma sha wani abu na ci karo da "ya rasu, ya rasu, ya rasu", na san na zo gida.

Tata ba ta da wuyar ganewa. Sana'ar uba: ya rasu, da wannan rubutu nata mai kyau, ko karkata babu. Sana'ar uwa: saƙar tabarma. Sai layi na uku, wanda ban taɓa karanta na kowa ba saboda ina fama da matattu. Abin da nake so in zama: mai riƙon igiya in Baba ya shiga.

Na karanta sau biyu. Mace ba ta riƙon igiyar mai haƙar rijiya, aikin ƙarti ne, ita ma ta sani. Ba likita ba, ba malama ba. Yarinyar da nake nuna wa baƙi kayenta, burinta duka a duniya shi ne ta tsaya bakin rami ta riƙe ubanta, don ba ta yarda da hannun kowa ba. Wannan yarinyar ce na ce wa ta koma gida ta zauna ta jira.

Na ciro bik ɗina na rubutu zan soke layin farko da kaina, sai na fasa. Na san ba za ta yarda ba, hannun da ya rubuta shi ne zai gyara. Na ninke takardar na sa a ƙirjin rigata, na fita da gudu neman kabu-kabu, mai babur ɗin haya.

Wanda ya taɓa bin hanyoyin Dakoro a kan moto ya san ba a yi musu gaggawa. Sau biyu tayar baya ta nutse a yashi, na sauka muka tura, zanena na harɗe ni. Duk sanda na sauka sai in dubi inuwata, tana ta gajarcewa tana shigewa ƙarƙashin ƙafata. Mai moton ya ce bai taɓa ɗaukar fasinja mai zagin yashi ba sai ni.

Tun daga nesa muka hango wurin. Shanu da raƙuma sun yi cirko-cirko, mata da jarkoki zaune a rana, maza kamar goma sha biyu a jere riƙe da igiya, ta bi ta kan wani gungume da aka gitta a bakin rijiyar ta nutse cikin duhu. Na makara, ya riga ya shiga. Ana ta fito da guga cike da jiƙaƙƙen yashi ana zubarwa gefe.

Hamdiya na zaune kamar taku goma daga bakin ramin, wata tsohuwa riƙe da gefen hijabinta don kada ta matsa. Da ta gan ni ta miƙe. Na miƙa mata takardar da bik. Ta waiga tana neman abin da za ta ɗora a kai, babu komai sai yashi. Na durƙusa na ba ta bayana.

Ina jin tsinin bik ɗin ya taɓa takardar sai wani sauti ya fito daga cikin rijiyar, mai nauyi, kamar an sauke buhun gero daga kan mota. Ƙura ta taso daga ramin. Igiyar ta fizge, mutum biyu na gaba suka yi taga-taga.

"Jimrau!" in ji babban cikinsu, ya kwanta rub da ciki ya tura kai ciki. "Jimrau, kana ji na?"

Babu amsa. Ya ce a ja. Suka ja, igiya ta miƙe ƙam, ta ƙi motsi. Mata suka fara salati. Maza suka rugo daga wajen dabbobi suka kama, wani na cewa a ja da ƙarfi, wani na cewa a yi a hankali kada ta tsinke tunda ta aro ce. Ni kuwa ina durƙushe, ba na iya tashi, don yarinyar ta danne takardar a bayana da hannun hagu. A zuciyata na riga na gama cewa na kashe mutum.

Hamdiya ba ta ko waiwayi rijiyar ba. Ina jin ta ta ja layi a kan kalmomin nan biyu, sau ɗaya, a miƙe. Sannan ta soma rubutu, harafi bayan harafi, ba gaggawa, yadda take yi in na ce za a nuna wa baƙo. Duk ihun da ake yi bai sa hannunta ya karkace ba. Ina jin kowane harafi a ƙashin bayana. Daga baya na ga abin da ta rubuta: mai haƙar rijiya, yana da rai.

Ta ɗiga aya. Wallahi ba ƙari nake ba, tana ɗaga bik igiyar ta saki, mazan suka yi baya taku ɗaya, sannan ta soma tahowa.

An daɗe ana ja kafin kansa ya bayyana. Ya fito fari fat da ƙasa, jini na bin kunnensa, yana tari kamar zai amayar da huhu. Aka kwantar da shi aka zuba masa ruwa a fuska. Da ya sami magana ya ce gefen rijiyar ne ya zube daga ƙasan zoben siminti na ƙarshe, yashi ya binne shi har ƙugu, ƙura ta toshe masa murya. Da hannu ya yi ta tona har ya zare ƙafafunsa. Dalilin ke nan igiyar ta ƙi tahowa, dalilin ke nan kuma ta saki. Na ji da kunnena, kuma na yarda.

Kowa na hamdala, tsohuwar nan na kuka. Na juya in rungume Hamdiya. Ba ta ruga wurin ubanta ba. Tana tsaye da takardar, tana kallona, kuma ban taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskar yaro ba.

"Kin gani, Madam," ta ce. "Gaskiya kika hwaɗa."

"A'a, Hamdiya. Ba takarda ba ce. Allah ne ya hisshe shi, da hannunshi da na mutanen ga. Ba ki ji abin da yac ce ba?"

"Na gani da idona."

Ta miƙo mini bik ɗin da hannu biyu, tsininsa na kallon ƙasa, yadda ake miƙa wa babba wuƙa. Na karɓa don ban san abin da zan yi ba.

Ranar Litinin ta dawo makaranta, ta zauna a bencinta. Na ji sanyi a raina, na ɗauka abin ya wuce. Na yi tambaya ta ɗaga hannu ta amsa daidai. Na ce ta karanta, ta karanta ba tuntuɓe. Da na ce a ciro kaye, ta ciro nata ta buɗe, ta haɗa hannuwa a cinya.

Babu abin da ban gwada ba. Na ba ta fensir na ce wannan ana gogewa. Na ba ta alli. Na rubuta a allo da manyan haruffa cewa ni Firdausi na rasu, na zauna gabansu ina cin gyaɗa, yara na ta dariya, ita kuwa ta tashi a guje ta goge da hijabinta. Jimrau ya zo da kansa, da bandeji a kunne, ya lallashe ta, ya yi faɗa, ya sake lallashi. Uwarta ta kai ta wurin limamin unguwa ya gaya mata rai da ajali a hannun Allah suke. Ta ce to. A komai tana cewa to. Na nemi gafararta a gaban aji, abin da ban taɓa yi wa ko sa'ata ba. Ta ce ba ta ga laifin da na yi ba, ai gaskiya na koya mata.

Na sa rai ga sartifika. Na ce in ta ga zauren jarrabawa, ta ga 'yan'uwanta sun duƙufa, hannun zai motsa da kansa. Ranar ba a bar mu shiga ba, malaman wata makaranta ke tsaro. Na tsaya can nesa inda nake hango tagarta. Tun da aka raba takardu har aka karɓa, kanta na sunkuye tana karanta tambayoyin, leɓenta na motsi. Na san amsoshin take faɗa, kuma na san daidai ne.

Da suka fito, wadda ta yi tsaron ɗakinsu ta ja ni gefe ta ce akwai yarinya ɗaya da ta maido takarda fara, ko suna babu. Na sami Hamdiya a gindin katanga tana ɗaura takalmi. Na yi niyyar in yi magana a hankali, amma na kasa.

"Ko sunanki, Hamdiya? Suna kawai?"

Ta ɗago ta dube ni kamar ni ce yarinyar.

"Sunan Baba na ciki, Madam," ta ce. "In na yi kuskure hwa?"